CUTUTTUKAN FURANNIN ADO DA YADDA ZA MU YI DA SU

(Jawabin da anka gabatar a taron ƙungiya. Mun buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba.)



Iyayenmu dattawa, shugabannin ƙungiya, iyaye mata, da ƴan uwanmu ƴan bida waɗanda takardar ga za ta iske a Yamai, ko Kwatano, ko Lome, ko Abijan, muna gaishe ku gaisuwa ta girmamawa. Mun gode da kunka ba mu wanga lokaci.

Zancen da anka ɗora mana yau shi ne cututtukan furanni, irin waɗanda ake shukawa don ado a gidaje da ma'aikatu da farfajiyar lakwal. Mun san wani dattijo zai ce a ransa: "Mushe, hatsi bai cika rumbu ba, kai kana zancen fure?" Tambayar tana bisa hanya, ga amsarta.

Da yawa cikin samarin garinmu da fure suke cin abinci. Wasu aikin garka suke yi a gidajen manya. Wasu gadi anka ɗauke su, amma ban ruwa yana cikin aikin. Wasu kuma renon dashe suke yi cikin leda da tukwane suna saidawa, kamar yadda ake gani a bakin kogi a Yamai. Kuɗin da suke aikowa shi ke sayen tiyar hatsi a tsakiyar damina. In furen maigida ya mutu, yaronmu ake tuhuma, kuma sau da yawa aikin ne ke tafiya.

Bayan haka, fure da kayan miya dangi ne. Furen da ake kira ibiskus gidansu ɗaya da kuɓewa da yakuwa da rama da auduga. Petuniya gidansu ɗaya da tumatir da tonka da yalo. Ciwon da ke kama wancan yana iya kama wannan. Wanda ya ɗauko dashe marar lafiya daga birni ya kawo garkar gida, ya kawo ma uwarsa asara bai sani ba.

Abu ɗaya muke so kowa ya riƙe daga wanga jawabi: a gane ciwon kafin a sayi magani. Galibin cututtukan fure daga ruwa da ƙasa da hannun mai aiki suke fitowa, kuma can ne ake maganinsu. Guba ta kasuwa ita ce ta ƙarshe.

I. MI KE SA TSIRO CIWO?

Abubuwa huɗu ne. Na farko fumfuna, dangin wadda ke fitowa bisa tuwon da ya kwana. Irinta ƙura ce mai laushi wadda iska da ruwa ke ɗauka, kuma ita ke da mafi yawan cututtukan ganye da na saiwa. Na biyu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, bakteri da birus. Na uku ƙwari da tsutsotsi masu tsotsar tsiro. Na huɗu rashin kyakkyawan riƙo: ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, taki ya ƙona, ƙasa ba ta dace ba.

Masana aikin gona sun ce ciwo ba ya tashi sai abu uku sun gamu: ƙwayar cutar, da tsiro mai rauni, da yanayin da cutar ke so. In ka raba su, ka rufe ƙofa. Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanayi yana da muhimmanci gare mu, don ƴaƴanmu suna aiki a ƙasashe iri biyu. Ruwan saman Yamai a shekara yana tsakanin milimita 500 da 600, na Abijan ya wuce 1500. A kurmi, fumfunar ganye ta fi yawa saboda laima. A nan ƙasarmu, ƙwari masu son zafi da ciwon saiwa da gishirin ƙasa sun fi damun mu. Dabarar da mutum ya koyo a Abijan sai ya sake auna ta in ya zo Maraɗi ko Tawa ko Damagaram.

II. YADDA AKE DUBA TSIRO

Malamin asibiti ba ya ba da allura sai ya yi tambaya. Mai garka ma haka. Sau biyu a mako, da safe, a zagaya a yi waɗanga abubuwa:

A juya ganye a dubi bayansa, don nan ƙwari ke ɓuya. A lura ko tsohon ganye ne ya fara lalacewa ko sabon toho. A tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu a ji ko da danshi. A dubi gindin tsiro daidai inda ya gamu da ƙasa. In tsiro ɗaya ya riga ya mutu, a tumɓuke shi a wanke saiwar a duba. A ƙarshe a tambayi kai: mi ya sake a kwanakin ga? An sa taki? An sake wurin tukunya? An kawo sabon dashe?

In dukan tsirrai iri-iri sun lalace rana ɗaya, galibi laifin ruwa ne ko taki ko maganin da anka fesa. In iri ɗaya ne ke kamuwa, daga wannan zuwa na kusa da shi, to cuta ce mai yaɗuwa.

III. CUTUTTUKAN DA MUKA FI GAMUWA DA SU

1. Ruɓar saiwa. Wagga ita ce ta fi kashe furen tukunya. Alamarta tana ruɗin mutane: tsiro ya yi yaushi alhali ƙasa tana jiƙe. Mai aiki ya ga yaushi sai ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. Saiwa ma numfashi take yi. In ruwa ya cika ƙasa, iska ta fita, saiwa ta shaƙe, fumfuna ta shige ta. Saiwa mai lafiya fara ce mai ƙarfi. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana saɓulewa a hannu, tana wari. Maganin shi ne kowace tukunya ko leda ta samu huji a ƙasa, a gauraya ƙasar da yashi, kuma kada a ba da ruwa sai yatsa ya ji saman ya bushe. Ƙarya, wadda Faransawa ke kira rose du désert, ruwanta yana cikin kututturenta, don haka ita ce ta fi saurin ruɓa, musamman da damina da lokacin ɗari. In ruɓar ba ta yi nisa ba, a cire tsiron, a yanke inda ya ruɓe da wuƙa mai tsabta, a bar shi inuwa kwana 3 ko 4 ya bushe, sannan a dasa cikin sabuwar ƙasa. Bugenbiliya ma, yawan ruwa da taki ganye suke sa ta, fure ya ƙi fitowa.

2. Faɗuwar ƴan dashe. Masu reno sun san ta. Iri ya tsiro da kyau, bayan kwana kaɗan a iske ƙafarsa ta tsuke ta yi baƙi, ya kwanta. Fumfunar ƙasa ce, kuma cunkoso da yawan ruwa da inuwa ke ciyar da ita. Wanda ya faɗi ba ya tashi. Rigakafinta: a yafa iri da tazara, a ba da ruwa da safe, kada a sa ɗanyen taki. Wanda ke da hali ya dafa ƙasar reno: a jiƙa ta kaɗan, a zuba cikin rabin tano, a rufe, a hura wuta har tururi ya ratsa ta na minti 30, a bari ta huce.

3. Farin gari. Faransawa na ce mashi oïdium. Ganye ya yi kamar an barbaɗa mashi gari, ya murɗe, toho ya ƙi buɗewa. Yana kama rozi, wato wardi, da ziniya, kuma masu noman rani sun san shi bisa kuɓewa da kabewa. Ya bambanta da sauran fumfuna, don ba ya bukatar ruwa bisa ganye. Yana son rana marar zafi sosai da dare mai raɓa, shi ya sa muke ganinsa daga Disamba zuwa Fabrairu. A rage rassa iska ta shiga, a fid da tsiron daga inuwa mai duhu, a cire ganyen da ya fi kamuwa, a rage takin zamani mai sa sabon toho. Abin fesawa yana tafe a gaba.

4. Baƙin tabo na rozi. Ɗigo baƙaƙe masu bakin geza su fito bisa ganye, kewayensu ya yi rawaya, ganyen ya zube, daga ƙasa zuwa sama. Irin wagga fumfuna ba ya shiga ganye sai ganyen ya zauna jiƙe wajen awa 7. Nan asirin yake. Wanda ke watsa ruwa da tiyo bisa ganye da marece, ya ba cutar dare ɗaya cur. A zuba ruwa a gindi, da safe. A tsince ganyen da ya zube, don cikinsa cutar ke kwana. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi don ruwan sama kada ya fantsamo ƙasa bisa ganye. A kurmi da lokacin damina ne ta fi ƙarfi.

5. Tsatsa. Wanda ya noma gujiya ya san ta. A bayan ganye ake ganin ƙuraje masu gari ja ko ruwan ɗorawa, yana shafar yatsa. Bisa furanni, itacen da ake kira faranjipaniye da kana sun fi samunta inda laima ke da yawa. Ba ta cika kashe babban itace ba, amma tana zubar da ganye. A tsince, a share, a hana ganye kwana da ruwa.

6. Baƙin hayaƙi. Ganye ya yi baƙi kamar bangon madafa, yana danƙo. Mutane da yawa suna sayen maganin fumfuna don wannan, kuɗinsu ya tafi banza. Baƙin yana bisa ganye ne kawai, a goge da tsumma ya fita. Tushensa ƙwari masu tsotsa ne: darɓa, da farin ƙuda, da wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga wanda ake kira koshini. Suna shan ruwan tsiro suna fid da wani ruwa mai zaƙi, fumfuna ta tsiro bisansa. In kun ga tururuwa suna hawa da sauka bisa ibiskus ko loriye, ku bi su, za su kai ku inda ƙwarin suke, don kiwonsu suke yi kamar shanu. A kashe ƙwarin, baƙin ya gushe da kansa.

Wani irin koshini, wanda ke kama gwanda da ibiskus da faranjipaniye, baƙo ne a yankinmu. Asalinsa daga Amurka ta Tsakiya yake, an fara ganinsa a Gana wajen shekarar 2009, daga nan ya bazu zuwa maƙwabta. Wanga ya isa ya nuna mana yadda ciwo ke tafiya cikin kayan matafiya.

7. Jan gizo. Ƙanƙane ne ƙwarai, kamar ƙwayar barkono da anka daka. Yana son zafi da ƙura da bushewa, wato daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari, ya koma kamar toka, a ga saƙa siririya a bayansa. A riƙe farar takarda ƙarƙashin reshe a girgiza, za a ga ƴan ɗigo suna tafiya. A nan ne kawai muke cewa a wanke ganye: da sassafe a watsa ruwa da ƙarfi a bayan ganyen, rana ta busar da shi. Yawancin magungunan ƙwari na kasuwa ba sa kashe jan gizo, maƙiyansa suke kashewa, sai ya ƙara yawa.

8. Kuturta, wato ciwon birus. Ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya ƙanƙance, ya naɗe, tsiron ya tsugune. Dattawa ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da kuturtar gujiya ta cinye gonaki a Nijar da arewacin Najeriya. Darɓa ce ta ɗauki cutar daga gona zuwa gona. Haka darɓa da farin ƙuda suke yi a cikin furanni. Wuƙa da almakashi ma suna ɗauka, har da hannun mai taba, don akwai birus na taba da ke kama petuniya da tumatir. Wagga cuta ba ta da magani, ko na kanti ko na gida. A tumɓuke tsiron a kawar da shi, kada a yanki reshensa don dashe. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

9. Kumburin saiwa. Tsiro ya ƙi girma, ya yi yaushi da rana tsaka ko da an ba shi ruwa. A tumɓuke a ga saiwa ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi. Wata tsutsa ce da ake kira nematod, ido ba ya ganinta, kuma ƙasar jigawa mai yashi da zafi irin tamu ita take so. Kada a rikita ta da ƙululun da ke saiwar wake da gujiya. Waɗancan masu amfani ne, suna ƙara ma ƙasa ƙarfi, kuma a gefen saiwa suke, yatsa yana ɓalle su. Na nematod saiwar ce da kanta ta kumbura. Cikin ƙasar leda wagga cuta ke tafiya, kuma in ta shiga garka fid da ita sai an wahala. Abin yi: a ƙara ruɓaɓɓen taki da yawa, a shuka furen tajet, wanda Faransawa ke kira œillet d'Inde, a cika fangalin da shi wata 2 zuwa 3, don saiwarsa tana rage tsutsar, ko kuma cikin Afrilu da Mayu a kafce fangalin, a jiƙa shi sosai, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a binne bakinta, a bari mako 4 zuwa 6 rana ta dafa ƙasar.

10. Rawayar ganye marar ƙwayar cuta. In tsohon ganye na ƙasa ne ya fara yin rawaya gaba ɗaya, yunwar taki ce, ko yawan ruwa. In sabon ganye ne ya yi rawaya amma jijiyoyinsa suna kore, tsiron ya kasa shan sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Wannan yana faruwa inda anka zuba toka da yawa, ko ɓaraguzan siminti, ko ruwan wanki, ko ƙasa mai kanwa. Iksora da ibiskus sun fi nuna shi. In bakin ganye ne ya ƙone kewaye, kuma ana ganin fari-fari bisa ƙasa, gishiri ne ko takin zamani ya yi yawa. Sai a zuba ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke ya fita ta hujin tukunya. Babu feshin da ke gyara waɗanga, ƙasar ake gyarawa.

IV. MAGUNGUNAN DA KE HANNUNMU

Tsabta ita ce ta farko. A wanke wuƙa da almakashi kafin a wuce daga tsiro zuwa tsiro, cikin ruwan jabel kashi 1 da ruwa kashi 9, sannan a ɗauraye a shanya don kada su yi tsatsa. Tsohuwar tukunya ma haka. Ganye marar lafiya ba ya shiga ramin taki, a binne shi da zurfi nesa da garka. Sabon dashe a aje shi gefe guda mako 2 ko 3 a ga halinsa kafin a gama shi da sauran.

Taki ya ruɓe sarai kafin a sa. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa, yana jawo gara da gwazarma.

Ɗiyan dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi: a tsince nunannu, a wanke, a shanya a inuwa, a ɓare, a daka ƙwayar. Rabin kilo na garin cikin lita 10 na ruwa, ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece, sama da bayan ganye. Hasken rana yana kashe ƙarfinsa, don haka a yi amfani da shi ran da anka tace, a maimaita bayan mako guda. Yana hana ƙwari ci da girma, amma a hankali yake aiki, sai an yi haƙuri.

Ruwan sabulu: babban cokali 1 na gogaggen sabulun sanda cikin lita 1, don darɓa da koshini da farin ƙuda. Sai ya taɓa jikin ƙwaron yake aiki. Kada a sa garin wanki, yana ƙona ganye.

Don farin gari: ƙaramin cokali 1 na bikarbonat, wajen giram 5, cikin lita 1 da ɗan sabulu. Ko madara kashi 1 da ruwa kashi 9. A fara tun alamar tana kaɗan, a maimaita kowane mako. Farar wuta ma tana maganinsa, amma in zafi ya wuce digiri 30 tana ƙona ganye, don haka a ƙasarmu sai cikin ɗari. Don tabon ganye akwai maganin tagulla mai launin shuɗi, wanda wani malami Bafaranshe mai suna Millardet ya bayyana a 1885 a gonakin inabi na Bordo. Kariya yake yi ga ganyen da bai kamu ba, ba ya goge tabon da ya riga ya fito.

Kowane haɗi, a gwada shi bisa reshe ɗaya, a jira kwana 2. Kuma ba a feshi da rana tsaka, ba a fesa ma tsiro mai ƙishirwa.

Mu san kuma muna da mataimaka. Ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi da ɗiyansa darɓa suke ci. Akwai ƴan zanzaro ƙanana da ke saka ƙwai cikin koshini. Lokacin da koshinin rogo ya addabi Afirka a shekarun 1970, wani ɗan zanzaro ne da anka kawo daga Amurka ta Kudu, anka fara sakinsa a Najeriya a 1981, ya ceci rogon. Mai feshin guba kullum yana kashe waɗanga sojoji nasa.

V. ZANCEN GUBA

Iyayenmu, a nan muke roƙon ku taya mu jan kunnen samari. Fure in ya mutu ana dasa wani. Huhun mutum da idonsa babu na sayarwa.

Tun 1994 akwai kwamitin ƙasashen Sahel, CSP, ƙarƙashin CILSS, mai tantance magungunan ƙwari. Wanda ya yarda da shi yana ɗauke da lambar izini a jikin kwalba. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana DDT a aikin gona. Ƙasashen CILSS sun hana andosulfan a 2007, sun hana parakwat mai kashe ciyawa a 2011. Duk da haka kasuwanninmu ba su rasa kwalabe marasa izini, da waɗanda anka ɗura cikin wata kwalba babu takarda, irin su piya-piya. Abin da ba shi da takarda kada a saya.

A dubi zanen launi da ke ƙasan takardar. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ja ba shi da wurin zama a gidan da yara ke wasa. Maganin ƙwari daban, na fumfuna daban, na ciyawa daban, wani ba ya aikin wani. Wanda bai iya karatu ba ya kai kwalbar wurin malamin gona na ma'aikatar kare tsirrai, ko wurin ɗan lakwal ya karanta mashi. Mai tambaya ba ya ɓata.

In feshin ya zama dole, a bi awon da anka rubuta, ƙari ba ya ƙara warkarwa. A sa riga mai dogon hannu da wando da takalmi, a rufe hanci da baki da hannu. A ba iska baya. Ba a cin goro, ba a shan taba ko shayi sai an yi wanka da sabulu. Kada a busa bakin famfon feshi da baki in ya toshe. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau 3, a zuba ɗaurayen cikin famfon, a huda ta, kada ta zama ta ruwa ko ta mai. Ɗakin da mai gadi ke kwana ba ma'ajin guba ba ne, kuma yana da haƙƙin ya faɗa ma maigida haka cikin ladabi.

In mutum ya ji jiri, ko amai, ko yawan miyau da zufa, ko ganinsa ya dushe bayan feshi, a cire mashi tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kai shi gidan likita maza, tare da kwalbar. Kada a ba shi nono ko mai, kada a tilasta mashi amai. Nono ba ya karya guba, jinkiri kawai yake sawa.

VI. FURANNI MASU DAFI

Wasu furannin da kansu dafi ne. Loriye, wato laurier-rose, dukan jikinsa yana taɓa zuciya: ganye, fure, itace, har hayaƙinsa. Kada a ƙone shi, kada a yi tsinken nama ko asuwaki da shi, kada a zuba ma awaki abin da anka sassabe. Tebetiya mai fure rawaya kamar ƙararrawa, ƙwallonta yana kisa. Ruwan ƙarya da shi mutanen da ke dafin kibiya a wasu ƙasashe. Lantana tana lalata hantar shanu da tumaki. Wanda zai shuka ado a lakwal ko a gidan da ke da yara da bisashe, ya zaɓi lalle, da bugenbiliya, da ziniya, da tajet, da ibiskus.

VII. ROƘONMU GA ƘUNGIYA

Na ɗaya, ƴan bida masu kawo tsaraba: ku kawo iri busasshe mai tsabta ya fi ku kawo dashe da ƙasarsa. In dashe ne dole, a duba saiwa da bayan ganye, a aje shi nesa da garka har a tabbatar da lafiyarsa.

Na biyu, waɗanda sunka daɗe cikin aikin garka a birni su riƙe sababbin zuwa, su nuna masu gwajin yatsa da juya ganye kafin su kama aiki. Yaron da zai iya ce ma maigida: "Wannan ruɓar saiwa ce, ga dalili, ga abin da za a yi," ya fi ƙarfin kora, kuma yana da bakin neman ƙarin albashi.

Na uku, tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a ƙasarmu. Muna roƙon a ware ma ƴan lakwal fangali biyu ko uku a garkar lakwal, da shinge saboda awaki, inda za su koyi waɗanga abubuwa da hannunsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dattawan da sunka san ƙasa da ruwan garin nan fiye da kowane littafi, muna gayyatarsu su zo su koya ma yaran tare da mu.

Wanda ya samu takardar ga ya karanta ma na kusa da shi. Wanda ke da tambaya ya kawo ganyen ko saiwar cikin leda a taro mai zuwa, mu duba tare, abin da ya fi ƙarfinmu mu kai wurin malaman gona.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare matafiyanmu, ya maido su gida lafiya.